Gani Ya Kori Ji: Hanyoyi Masu Sauƙin Kuɗi na Ƙara Madubin Zango ga Rediyon Masu Sha'awa a Garki da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda mai rediyon sha'awa zai ƙara wa tsohuwar na'urarsa allon da ke nuna masa duk tashoshin da ke cikin zango a lokaci guda, ba tare da ya sayi sabuwa ba. An ɗauki Garki ta Jihar Jigawa a matsayin ma'auni, domin abin da ake kira araha a Turai ba lallai ne ya zama araha a garin da ya dogara da sola da batir, zafinsa ke haura digiri 40 a bazara, kuma kayan gyara sai an je Kano. An dogara da bayanan da kamfanoni suka wallafa kan na'urorinsu, da lissafi, da abin da ake gani a teburin masu gyara. Matsayar maƙalar ita ce, ɗauko sigina daga cikin rediyon zuwa ƙaramar na'urar RTL-SDR da tsohuwar wayar Android ya fi dacewa da mu, kuma aikin farko na madubin shi ne tona asirin hayaniyar da kayan wutarmu ke zubawa cikin zango.

Gabatarwa



Bahaushe ba baƙon gajeren zango ba ne. Tun 1957 da BBC ta fara shiri da Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, kunnenmu ya saba da murɗa akwati a hankali har murya ta fito daga cikin shuu. Abin da bai yaɗu a wajenmu ba shi ne ɗaya ɓangaren, wato mutum ya mallaki lasisi da lambar kira, ya yi magana da takwarorinsa na nesa don neman ilimi da taimakon jama'a, ba don kasuwanci ba. Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa. Lambar kiran na Najeriya tana farawa da 5N, ta na Nijar da 5U, kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, NARS, tana cikin shiyya ta ɗaya ta ƙungiyar duniya, IARU. Daga cikin zangunan da aka ware musu akwai na mita 80, daga megahaz 3.5 zuwa 3.8, da na mita 40, daga 7.0 zuwa 7.2, da na mita 20, daga 14.0 zuwa 14.35.

Wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ta yanke hanyoyi ta raba dubban mutane da gidajensu a ƙasashen Ringim da Haɗeja, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin na'urar da batir da 'yar waya a kan bishiya suka ishe ta kai saƙo Kano ko Abuja ba. Sai dai a irin wannan rana, mai riƙe da rediyon yana buƙatar ya san nan take inda ake magana da inda fili yake. Mai murɗa rediyo da kunne kawai kamar mutum ne a tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba ya jin kowa sai wanda ke gabansa; mai madubin zango kuwa ya hau saman babbar mota, yana ganin inda aka taru da inda aka watse.

Tun 2016 da kamfanin Icom ya fitar da IC-7300, wannan allo ya zama ruwan dare a sababbin na'urori. Amma kuɗinta ya haura dala 1,000, kuma bayan sakin darajar naira a Yunin 2023, dala ta wuce naira 1,500 a 2024. Abin da ke isowa hannunmu tsofaffi ne na hannu, irin su Icom IC-718, Yaesu FT-857 da Kenwood TS-440S. Lafiyarsu lau, suna ji, suna kai magana. Ido ne kawai ba su da shi.

Abin da madubin ke nunawa

Dabarar ba sabuwa ba ce. Marcel Wallace ya yi aiki a kanta tun shekarun 1930, kuma an yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen sa ido kan tashoshin abokan gaba. Abin da ya karya farashinta abu biyu ne. Na farko hanyar lissafin FFT da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965, wadda ke rarraba sigina zuwa mitocin da suka haɗu suka yi ta. Na biyu abin da ya bayyana a 2012, lokacin da Antti Palosaari da masu aikin Osmocom suka nuna cewa ayisin RTL2832U na kamfanin Realtek, wanda aka yi don kallon talabijin a kwamfuta, zai iya miƙo ɗanyen siginar kai tsaye. Daga nan aka sami RTL-SDR, 'yar na'ura mai girman filashi, wadda ingantacciyarta ba ta wuce dala 30 zuwa 40 ba.

Allon kashi biyu ne. A sama layi ne mai tudu da kwari: hagu zuwa dama mita ce, tsayin tudu kuma ƙarfin tasha. A ƙasa hoto ne mai kwarara a hankali, yana ajiye tarihin daƙiƙun da suka wuce da launi, ta yadda ko tashar da ta yi kira ta yi shiru za a ga sawunta. RTL-SDR tana ɗaukar samfuri miliyan 2.4 a daƙiƙa ba tare da tuntuɓe ba, wato tana ganin faɗin megahaz 2.4 a lokaci guda. Duk zangon mita 20 kilohaz 350 ne, saboda haka zai shiga cikin wannan faɗi kusan sau bakwai. In manhaja ta raba faɗin gida 32,768, kowane gida zai ɗauki haz 73, muryar mutum ɗaya mai faɗin kilohaz 2.4 kuma ta mamaye gida kusan 33.

Rauninta shi ne bit 8 take aunawa da shi, matakai 256 ke nan, kimanin desibel 50 tsakanin mafi ƙanƙantar sigina da mafi girma. SDRplay RSP1A, mai bit 14 da farashi sama da dala 100, tana da matakai 16,384. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk muhawarar da ke tafe.

Hanyoyi biyu da ba su cin ko kwabo

Wanda ya haɗa mafitar sautin rediyonsa da kwamfuta, ya buɗe manhajar fldigi ko WSJT-X, ya sami ƙaramin madubi mai faɗin kilohaz 3. Ga tsarin FT8, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, wannan ya wadatar, domin kowace tasha haz 50 take ci, kuma duk suna taruwa wuri ɗaya, kamar megahaz 7.074 da 14.074. Ga mai neman murya kuwa, ba abin da zai gani sai wanda yake ji.

Ta biyu ita ce leƙa rediyon wani ta intanet, kamar WebSDR ta Jami'ar Twente a Holan, wadda ke aiki tun 2008, ko ɗaya daga cikin na'urorin KiwiSDR da ke warwatse a duniya. Tana da amfani wajen jin ko muryarka ta isa Turai. Amma abin da eriyar Holan ke ji ba shi ta Garki ke ji ba, ga cin data, kuma ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da sabis ya ɗauke.

Raba eriya tsakanin rediyo da SDR

Wannan ce hanyar da mutane suka fi saurin kamawa, domin ba sai an buɗe cikin rediyo ba. Ana raba siginar eriya biyu, rabi ga rediyo, rabi ga SDR. Asarar desibel 3 da rabawar ke jawowa ba abin damuwa ba ce a gajeren zango, inda hayaniyar sama ta riga ta fi ta na'ura yawa. Marabar dish da ake samu a kowane shagon lantarki ma tana yi a mita 40 da 20, sai dai yawancinsu daga megahaz 5 suke farawa, don haka a mita 80 ba a dogara da su.

Haɗarin yana wajen aikawa. Rediyo mai wat 100 yana fitar da ƙarfin da ya ninka abin da RTL-SDR za ta iya jurewa sau 10,000, kuma SDRplay ta gargaɗi masu RSP1A da kada abin da ke shiga a kai a kai ya wuce miliwat 1, wato kashi ɗaya cikin 100,000 na wannan ƙarfi. Dole ke nan a sa rile da zai cire SDR ya haɗa bakinta da ƙasa kafin sigina ta fita. Akwai na kanti, irin MFJ-1708B-SDR, amma kamfanin ya daina ƙera kaya a masana'antarsa a 2024. Mai gyara zai iya haɗa nasa da rile biyu da diyod 1N4148 guda biyu masu kallon juna, waɗanda ke datse duk abin da ya wuce kimanin bolt 0.7. Shawarata ita ce umarnin rilen ya fito daga layin aikawa na rediyon kansa, ba daga jin sigina ba, domin rilen da ke jiran ya ji wuta kafin ya motsa ya riga ya bar ta ta wuce na ɗan lokaci.

Ko an tsira daga ƙonewa, saura cikawa. Daga megahaz 7.2 zuwa sama zangon mita 41 ne na manyan gidajen rediyo, ciki har da Muryar Najeriya a kilohaz 7255, kuma wasu na watsawa da kilowat 250 ko 500. Da dare suna sauka a kan eriya da ƙarfin da bit 8 ba zai ɗauka ba, sai allo ya cika da inuwar tashoshi a inda babu kowa. Samfurin V3 na RTL-SDR yana da wata matsala ta daban. Agogonsa megahaz 28.8 ne, don haka duk abin da ya haura 14.4 yana naɗowa baya: gidan rediyon da ke 21.7 zai bayyana a 7.1, tsakiyar zangon mita 40. Samfurin V4 na 2023 ya magance wannan naɗi, amma bit ɗinsa 8 ne har yanzu. Wanda ya nace sai wannan hanya, gara ya ƙara kuɗi ya sayi RSP1A ko Airspy HF+ Discovery. Idan aka haɗa da rile da matatai, arahar ta gudu.

Ɗauko sigina daga cikin rediyo

A nan nake so mu daɗe. Kowane ɗaya daga cikin tsofaffin rediyon da na ambata yana ɗaukar tashar da aka kama, ko a wane zango take, ya gauraya ta da siginar da yake haifarwa a cikinsa, ya mayar da ita wata tsayayyar mita da ake kira IF. A IC-718 wannan mita megahaz 64.455 ce, a FT-817 da FT-857 da FT-897 68.33 ce, a TS-440S kuma 45.05. Mu lura da waɗannan lambobi. Ayisin R820T da ke gaban RTL-SDR yana aiki daga megahaz 24 zuwa sama da 1,700, wato duka ukun sun faɗa inda 'yar na'urar ta fi ƙwarewa, ba sai an bi ta hanyar da ke jawo naɗi ba.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko. Kafin sigina ta kai mahaɗin farko, ta riga ta ratsa matatan zango na rediyon, waɗanda injiniyoyin kamfani suka tsara da kuɗi da lokaci. Gidajen rediyon matsakaicin zango da na zanguna masu nisa sun ragu ƙwarai, kuma maɓallin rage ƙarfi da ke jikin rediyon yana kare SDR ma daga na kusa. Ba a kuma buƙatar rilen eriya, tunda rediyon da kansa yake raba karɓa da aikawa. A taƙaice, tsohon rediyon ya ara wa na'urar dala 30 abin da ta rasa.

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Mai gyara zai kwance murfi, ya shimfiɗa taswirar rediyon a gefe, ya bi layi da tsinken gwaji har ya sami wurin da sigina ta fito daga mahaɗin farko amma ba ta shiga matacin kiristal ba. Wannan gaɓa ita ce komai. Matacin faɗinsa bai wuce kilohaz 15 ba a yawancin irin waɗannan rediyo, don haka wanda ya ɗauko bayansa zai ga ɗan tudu guda a tsakiyar allo, hagu da dama fayau. Ba a kuma liƙa waya kai tsaye, domin bakin SDR zai janye siginar ya kurumtar da rediyon. Ana sa ɗan allon shamaki, bai kai akwatin ashana ba, mai tiransista irin J310 da ke leƙen siginar ba tare da ya ja ta ba, ta kafasita 'yar ƙarama mai fikofarad kaɗan. Bayansa sai mataci mai hana manyan mitoci wucewa, saboda siginar da rediyon ke haifarwa tana zaune sama da IF: a IC-718, in an kama megahaz 14.2, tana kusa da 78.7, kuma da ƙarfinta. Wutar allon a ɗauko ta daga layin da ke rayuwa lokacin karɓa kawai, don madubin ya rufe ido idan an danna makirfo. Daga nan siririyar waya mai sulke ta fita ta bayan rediyon zuwa SDR. Ɗigon dalma bai fi biyar ko shida ba. Duk wanda ke canza ayisin caji a wayar hannu a Farm Centre ta Kano yana yin aikin da ya fi wannan laushi kullum.

Abu biyu za su ba mai farawa mamaki. Zangon zai fito a juye, tashar da ke sama ta bayyana a hagu, saboda siginar cikin gida tana sama da wadda aka kama. Manhajoji irin HDSDR suna da maɓalli ɗaya da ke daidaita wannan. Sannan tashar da ake sauraro kullum tana tsakiyar allo, in an murɗa rediyo zangon ne ke zamewa. Wasu na ganin wannan naƙasa ce, sai su ƙara kebul ɗin CAT da manhajar OmniRig ko Hamlib don lambobin allo su bi na rediyo. A ganina, a wurinmu falala ce. Tunda tsakiya ita ce inda kake, ba ka buƙatar kwamfuta ta faɗa maka komai: ka ga tudu kilohaz 20 a dama, ka murɗa har ya zo tsakiya. Wannan ne ya buɗe ƙofar amfani da waya.

Hanyar ba ta kowane rediyo ba ce. Masu IF ƙasa da megahaz 24, kamar Kenwood TS-830S mai 8.83, suna buƙatar V4 ko wata SDR mai jin gajeren zango da kanta. TS-590 kuwa tana sauya IF tsakanin 11.374 da 73.095 gwargwadon zango da yanayin aiki, abin da ke rikita lissafi.

Wuta, zafi da ƙura

Farashin gaskiya a Garki da wat ake auna shi. RTL-SDR tana jan kimanin amfiya 0.3 a bolt 5, wat 1.5 ke nan. Rediyo irin IC-718 yana cin wat 20 zuwa 25 yana sauraro kawai. Kwamfutar cinya mai cin wat 30, a zaman awa huɗu bayan isha'i, za ta sha wat-awa 120, fiye da abin da rediyon kansa ya sha. Batir mai amfiya-awa 100 a bolt 12 yana da wat-awa 1,200 a rubuce, amma in na dalma ne rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko. Wato kwamfutar kaɗai ta kwashe kashi ɗaya cikin biyar na abin da gida zai kwana da shi, ga fitila, ga fanka, ga cajin wayoyi. Tsohuwar wayar Android da kebul ɗin OTG da manhajar SDR++ ko SDR Touch suna yin aikin da 'yan wat kaɗan, da batirin wayar, ba tare da an kunna inbata ba. Iyakarta ita ce yawancin wayoyi ba sa caji suna ciyar da SDR, don haka a cika ta da rana.

Zafi yana taɓa daidaito. Arahar RTL-SDR marar suna tana iya kaucewa da kashi 30 cikin miliyan ko fiye, kuma kaucewar tana tafiya yayin da jikinta ke ɗumama. A megahaz 68.33, wannan ya kai haz 2,050, kusan faɗin murya guda. Kana ganin tasha a tsakiya, kunnenka na jin maƙwabciyarta. Mai kiristal ɗin TCXO, wadda kaucewarta ba ta wuce kashi 1 cikin miliyan ba, haz 68 kawai za ta yi. A nan araha ba ta ado. A nemi mai gidan ƙarfe da TCXO, a kuma yi hattara, domin jabun V3 sun cika kasuwannin intanet, kamanni ɗaya, ciki daban. A watan Afrilu kada a bar ta a ɗakin kwano a rufe. A ɗaure ta jikin faffaɗan ƙarfe ya janye zafin.

Hunturu kuma yana zuwa da nasa. Busasshiyar iska mai ƙura tana goga doguwar wayar eriya har ta tara cajin da ke tartsatsi a bakin kebul, kuma wannan ya isa ya kashe ayisin gaba. Razista mai kilo-om 100 zuwa mega-om 1 tsakanin eriya da ƙasa tana zubar da shi a hankali. Ƙasar yankin yashi ce, ba ta ɗaukar wuta sosai in ta bushe, don haka sandar ƙasa guda ba ta isa ba. A kafa biyu ko uku a haɗe, a wuri mai danshi. Da damina kuwa, da an ji cida a cire eriya gaba ɗaya a fitar da bakinta waje. Babu diyod ɗin da ke tare aradu.

Hayaniyar da muke haifarwa da hannunmu

Wanda ya kunna madubi karo na farko yana ɗokin ganin Japan da Brazil. Abin da zai fara gani shi ne gidansa. Na tsaya a bayan wani mai gyara, rediyo na mita 40 a kan batir, allon wayar shuɗi ne mai duhu, tashoshi na saukowa sirara-sirara. Ya miƙa hannu ya kunna inbata. Nan take layuka masu haske suka tsaya a jere daga wannan gefe zuwa wancan, tazararsu ɗaya, shuɗin ya koma ruwan ɗorawa, raunanan tashoshin suka nutse. A kunne, shuu ɗin ne kawai ya ɗan ƙaru, irin abin da mutum zai ɗora wa yanayi.

Kowace hayaniya da sawunta. Inbata da cajar waya da ƙwan fitilar LED suna yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma tazarar layukan da suke zanawa ita ce saurin yankan, daga kilohaz 20 har sama da 100. Layukan caja suna yawo a hankali yayin da take ɗumi. Na'urar daidaita cajin sola tana damuwa da rana, ta yi shiru da faɗuwarta. Fulogin janareta ko na babur yana zana gajerun layuka a kwance, a kai a kai. Walƙiya kuwa, ko tana can nesa, tana shara layi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Wanda ya iya karanta waɗannan ya san wanne zai iya gyarawa, wanne sai haƙuri. Hanyar bincike mai sauƙi ce: a kashe komai, a bar rediyo da waya a kan batir, a rubuta inda ƙasan hayaniya yake, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Maganin ma ba mai tsada ba ne: a naɗa kebul a zoben ferayit nau'i na 31 ko 43, a murɗe wayoyin sola biyu su zama igiya ɗaya, a nisanta eriya daga rufin da farantan suke, a ciyar da rediyo daga batir kai tsaye.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne, shirun karkara dukiya ce da ba mu san muna da ita ba. Shawarar P.372 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna hayaniyar kayan lantarki a karkara ta gaza ta tsakiyar birni da kimanin desibel 10, a karkara mai nisa da komai kuwa bambancin ya haura 20. Desibel 10 ninki goma ne. Ma'ana, tashar wat 10 za a ji ta a ƙauyen Garki kamar yadda za a ji mai wat 100 a cikin Kano, in dai damina ba ta cika sama da tsawa ba. Sola alheri ce, kuma tana shiga ƙauyukanmu da sauri. Amma kowace arahar inbata da aka kafa ba mataci tana cin wani abu daga wannan shiru, kuma ba mai lura sai wanda ke da allon gani.

Akwai kuma abin da ba namu ba ne, na sama ne. Arewacin Najeriya yana kusa da layin tsakiya na maganaɗisun duniya, inda sashen sama da ke maido da gajeren zango yake rikicewa bayan magariba. A kunne murya ce ke karkarwa. A allo, siririn layin tasha ne ke buɗewa ya yi gashi-gashi, ya koma daidai can cikin dare. Masana a ƙasashe masu nisa suna kashe kuɗi don auna wannan, mu kuwa a ƙarƙashinsa muke kwana. Garki ta taɓa zama wurin da aka yi awo duniya ta amfana: binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar a ƙauyukanta daga 1969 zuwa 1976 har yau ana komawa ga alƙalumansa. Abin da ya ba shi daraja shi ne an yi ta rubutawa a kai a kai, shekara da shekaru, a wuri ɗaya.

Doka, da hannun da zai yi aikin

Madubi ba ya aika komai, amma rediyon da aka liƙa masa yana aikawa, kuma wannan sai da lasisi daga hukumar tarayya. SDR tana jin abin da ya wuce zangunan masu sha'awa. Abin da ba naka ba, ba a naɗa, ba a yaɗawa. A halin tsaron da ake ciki, doguwar waya a kan gida da mutum mai magana da oba-oba cikin dare abin tambaya ne, kuma tambayar halas ce. Kafin a ɗaga eriya a kai gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, a nuna takarda a ofishin 'yan sanda, a kira su su ga allon da idonsu.

Hannu kuwa muna da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Dutse, da ta Binyaminu Usman a Haɗeja, da ta Hussaini Adamu a Kazaure, duk suna yaye matasan da suka karanta FFT a kan allo ba su taɓa ganin ta tana motsi ba. Haɗa allon shamaki, da auna matacinsa da 'yar na'urar NanoVNA, da rubuta ƙasan hayaniyar unguwa daga hunturu zuwa damina, aikin kammala karatu ne cikakke, kuma kayansa ba su kai kuɗin wayar da ke aljihun ɗalibin ba. Ina roƙon malamai su jawo masu gyaran rediyo da waya na gari cikin irin wannan horo, domin su ne za a kai wa na'urar ranar da ta lalace.

Mataki na gaba shi ne ɗaya daga cikin waɗannan makarantu ta kafa KiwiSDR a bayan gari, nesa da layin wuta, a buɗe ta ga kowa. Na'urar tana ganin duk abin da ke ƙasa da megahaz 30 a lokaci guda, mutane huɗu za su iya saurare tare, kuɗinta kusan dala 400 ne, kuma ƙaramin farantin sola da batir sun ishe ta, muddin an tace na'urar cajin. Irinta kaɗan ne a Afirka ta Yamma. Sayen ba shi ne wahala ba. Kuɗin data na wata-wata da ladan mai gadin wurin su ne ke kashe irin wannan aiki, don haka a sa su cikin kasafin sashe tun ranar da za a rubuta takardar neman kuɗin.